Shafin intanet ga mai sana'ar tsaftace motoci: me ya kamata a fara kashe wa kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar sana'a ta tsaftace motoci ciki da waje, wadda ta wuce wankin ruwa da sabulu, domin ina wanke kujeru da kafet, ina goge fenti da inji, ina shafa masa kariya, wani lokaci ma har gidan mai mota nake zuwa da kayan aikina. Mu biyu ne, ni da yaron da nake koya wa aiki, kuma yawancin kwastomomina ta bakin wasu suke samuna. Wani mai gina shafukan intanet ya yi mini tayin babban shafi a kan kuɗin da ya kusa cinye ribata ta wata biyu, sannan ya ce in riƙa biyansa duk wata domin talla. Shin in amince? Idan kuma an gina shafin, ta yaya mutane za su san da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shafin zai amfane ka, amma ban ga dalilin da zai sa ka sayi babba ba, kuma ba da shi ya kamata ka fara ba. Ka duba ƙarfin aikinka tukuna. Cikakken aiki a kan mota ɗaya, daga tsotse ƙura zuwa goge fenti, yana cin sa'o'i masu yawa, wani ma yini guda, saboda haka motocin da ku biyu za ku iya karɓa a mako ba su da yawa. Ba ka buƙatar dubban masu leƙa shafi. Abin da kake buƙata shi ne mutanen yankinka da ke neman wannan aikin a yanzu su same ka, su gamsu da hannunka, su kama rana. Duk abin da za a saka a shafin da bai taimaka wa ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuɗinsa zai iya jira.

Matakin farko ba ya cin ko sisi, wato buɗe bayanan sana'arka a Google Business Profile, wanda ake kira Google My Business kafin a sauya masa suna a 2021. Shi ne yake sa sunanka da lambar wayarka da lokutan aikinka da hotunanka su fito a taswira idan wani ya nemi mai tsaftace mota kusa da shi, kuma sau da yawa waɗannan sakamakon na taswira suna zama a saman jerin shafuka na yau da kullum. Tunda kana zuwa gidajen mutane, akwai damar ka yi rajista a matsayin mai kai aiki inda kwastoma yake, ka ambaci yankunan da kake zuwa, ka ɓoye adireshinka idan daga gida kake fita. Masu Google za su nemi ka tabbatar da cewa sana'ar taka ce, ta bidiyo ko waya ko wasiƙa, gwargwadon hanyar da suka ba ka. Google da kansa ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa wajen jera sana'o'in yanki: dacewar sana'ar da abin da aka nema, nisanta da mai nema, da kuma shahararta. Nisa ba a hannunka yake ba, amma dacewa tana samuwa idan ka zaɓi rukunin sana'a daidai ka kuma rubuta ayyukanka ɗaya bayan ɗaya, shahara kuwa tana da alaƙa da yawan sharhin kwastomomi da ingancinsa.

A nan ne kwastomomin da suka zo maka ta bakin wasu za su yi maka rana. Lokacin da ya fi dacewa ka nemi sharhi shi ne sa'ar da kake miƙa makulli, mai mota yana zagaya motarsa yana shafa kujera, ka tura masa hanyar rubuta sharhin ta waya kafin ya tafi. Sai dai ka kiyaye, dokokin Google sun hana ba da rangwame ko kyauta domin a rubuta sharhi, sun kuma hana sayen sharhin ƙarya, wanda aka kama kuwa ana iya share masa sharhin ko a taƙaita bayanansa. Idan wani ya rubuta ƙorafi, ka amsa masa cikin ladabi a bainar jama'a ka faɗi yadda za ka gyara, domin masu karantawa suna auna ka da amsarka fiye da yadda suke auna ka da ƙorafin.

Bayan wannan sai adireshin shafin, wanda masu sana'ar ke kira domen. A kan wannan zan ɗan tsaya, domin nan ne ƙananan 'yan kasuwa suka fi cutuwa. Ba a sayen domen a mallake shi har abada, rajista ake yi ana sabuntawa, galibi shekara-shekara, ta hannun kamfanoni irin su Namecheap ko GoDaddy, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin ginin. Wanda sunansa da imel ɗinsa ke kan rajistar, shi ne mai shi. Yawancin masu gina shafuka mutanen kirki ne, amma idan mai ginin ya yi rajistar da sunansa, to ka zama kamar wanda ya gina shago a filin wani, duk ranar da kuka saɓa ko ya daina ɗaga waya, adireshin da ka buga a katinka da jikin motarka ya bi shi. Ka buɗe asusun da kanka, da imel ɗinka, ka biya da katinka, ka kunna sabuntawa ta atomatik, sannan ka ba mai ginin izinin shiga. Haka za ka yi da asusun masaukin shafin, wato kamfanin da ke ajiye shafin a intanet, da kuma na Google. Wajen zaɓen suna kuwa, gajere wanda za ka iya faɗa a waya a rubuta shi daidai ba tare da ka maimaita ba ya fi mai ƙayatarwa.

Ginin kansa ba shi da wuya kamar yadda ake zuzuta shi. Manhajoji irin su Wix da Squarespace suna ba da tsararrun samfura da masauki a haɗe a kan kuɗin wata ko shekara, mutum yana iya haɗa shafi da kansa a cikinsu ba tare da ya iya rubuta lambobin kwamfuta ba, aibinsu shi ne ɗauke shafin zuwa wani wuri daga baya yana da wahala. WordPress ya fi ba da 'yanci kuma ana iya ƙaura da shi, amma yana son mai kula da sabunta shi. Ga sana'a irin taka kowanne ya isa, kuma shafi ɗaya mai tsawo ko 'yan shafuka uku zuwa huɗu sun wadatar. Abu biyu ne ba na sassauci a kansu. Na farko, a gina shi domin waya, saboda a waya mafi yawan masu nemanka za su buɗe shi, kuma Google ma fasalin waya yake dubawa wajen jera shafuka. Na biyu, adireshin ya fara da https, domin tun 2018 manhajar Chrome take yi wa shafukan da ba su da shi alamar rashin tsaro. Takardar shaidar da ke ba da wannan tsaron ana samunta kyauta daga Let's Encrypt, kuma masu masauki da yawa suna haɗa ta cikin kuɗinsu, don haka kada a caje ka a kanta kamar wani babban abu.

Abin da zai sayar da aikinka a shafin shi ne hoto, domin a sana'arka gani ya kori ji. Kada ka yarda a cika maka shafi da hotunan motocin alfarma da aka kwaso daga intanet, kwastoma yana gane su, kuma ba su nuna komai game da hannunka. Ka ɗauki naka, kafin aiki da bayan aiki, daga kusurwa ɗaya kuma cikin haske ɗaya, in ba haka ba za a ce haske ne ya sauya. Hoton da ya fi kowanne tasiri shi ne wanda za ka raba bonet biyu da salatif, ka goge ɓangare ɗaya ka bar ɗayan, sannan ka haska tocila a kan layin, yadda siraran karce masu zagaye za su fito fili a gefe guda, ɗaya gefen kuma ya mayar da hasken sumul. Haka ma fitilar gaba da ta dushe ta yi rawaya kusa da 'yar'uwarta da aka gyara, ko kujerar yadi mai tabo da aka wanke rabinta. Ka nemi izinin mai mota kafin ka wallafa, ka rufe lambar motar, ka kuma tabbata babu takarda ko wani abu nasa da ya fito a hoton. Sannan a rage nauyin hotunan kafin a ɗora su, a mayar da su WebP, wani tsarin hoto mara nauyi, idan ya samu, domin hoton da ya fito kai tsaye daga waya yana da nauyi ƙwarai. Ma'aunin da Google ya sa shi ne babban abin da ke kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma kana iya gwada naka kyauta a PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin shafuka.

Masu sana'a da yawa suna ƙin rubuta farashi don tsoron abokan gasa. A ganina wannan kuskure ne, domin abokin gasa zai san farashinka da kiran waya ɗaya, wanda kake ɓoye wa shi ne kwastoma, shi kuma idan bai ga farashi ba yakan ɗauka abin ya fi ƙarfinsa ya wuce. Ka tsara aikin kashi uku ko makamancin haka, ka faɗi abin da ke cikin kowanne da sa'o'in da yake ɗauka, ka sa farashin farawa gwargwadon girman mota, ka kuma rubuta a fili cewa datti mai yawa ko gashin dabba ko tabon da ya daɗe suna ƙara kuɗi bayan an duba motar. Wannan bayanin shi ne zai raba ka da mai wankin mota na yau da kullum a idon wanda bai san bambancin ba. Kada kuma ka yi alkawarin da aikin ba zai cika ba. Gogewa tana cire karcen da bai ratsa saman fenti ba, wanda ya yi zurfi kuwa sai mai fenti, rufin siramik kuma, wato kariyar da ake shafa wa fenti, yana sauƙaƙa wanki yana daɗewa fiye da kakin goge mota, amma ba ya hana dutse ko makulli yi wa mota rauni.

A kowane ɓangare na shafin a sa maɓallin kira da na WhatsApp a inda yatsa zai kai gare su. Idan za ka sa fom na kama rana, ya tsaya a kan suna da lambar waya da irin mota da aikin da ake so da yankin da motar take. Ga manyan ayyuka ka karɓi kafin alƙalami, ka rubuta sharuɗɗan sauya rana a shafin, saboda wanda ya kama yini guda bai zo ba ya jawo maka asarar yinin gaba ɗaya. Saurin amsa saƙo ma yana cikin talla, tunda mai nema yakan tuntuɓi mutum biyu ko uku a lokaci guda.

Game da kuɗin talla na wata-wata, shawarata ita ce ka dakata har sai bayanan taswira da shafin sun yi 'yan watanni suna aiki. A wannan lokacin ka riƙa tambayar kowane sabon kwastoma inda ya ji labarinka kana rubutawa, ka kuma haɗa shafin da Google Search Console, wanda kyauta ne kuma yana nuna kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan ka. Idan bayan haka akwai ranakun da ba ku da aiki, sai ka gwada talla da kuɗi kaɗan da ka ƙayyade. A Google Ads ana biya ne idan an danna tallan, kuma kana iya taƙaita shi ga da'irar da kake iya zuwa, ana iya wannan taƙaitawar a Facebook da Instagram ma, inda gajeren bidiyon kafin aiki da bayansa ya fi dacewa. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba abin da ka kashe da adadin motocin da suka zo ta tallan, ka kwatanta da ribar mota ɗaya bayan cire kuɗin sinadarai da man zirga-zirga da ladan yaronka. Idan misali ka kashe ribar mota biyu ka samu mota biyar, tallan ya biya kansa, idan kuma mota ɗaya ya kawo, sai ka tsayar ka duba inda matsalar take. Duk wanda ya yi maka alkawarin matsayi na ɗaya a Google, ka yi hattara da shi, domin Google da kansa ya ce babu mai iya ba da wannan tabbacin.

Kada shafin ya sa ka manta da waɗanda suka riga suka san ka. Mota tana sake yin datti, don haka saƙon tunatarwa bayan 'yan watanni ga wanda ya yarda a tura masa ya fi kowane talla arha, kuma dillalan motoci da kamfanoni masu motocin aiki suna iya ba ka aiki a kai a kai idan ka je musu da hotunanka a waya.

Ka koma wurin mai ginin da buƙata ƙarama kuma a rubuce: shafi mai sauri a waya, da hotunanka, da jerin ayyuka da farashi, da yankunan da kake zuwa, da hanyar kama rana, duk asusun kuma da sunanka. Ka nemi ya nuna maka shafuka biyu ko uku da ya gina ka buɗe su a wayarka, ya faɗi abin da za ka riƙa biya duk shekara bayan ginin, ya kuma koya maka yadda za ka sauya farashi da hoto da kanka. Ka biya wani kaso a farko, ragowar kuma bayan ya miƙa maka dukkan kalmomin sirri ka shiga da su ka tabbatar suna aiki.