Daga Maiurno zuwa Sakkwato: abin da muke karantawa a bakin Nilu

Malam, tambayarka ta iso: shin mu Hausawan Sudan muna karanta littattafan ƙagaggun labarai, kuma wanne zan ce ka nema? Muna karantawa sosai, amma da Larabci. Sai na ɗan koma baya kafin ka gane dalili.

Garinmu Maiurno, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, daga wajenku ya samo suna. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a, har suka yada zango a nan. Kakanninmu sun taho da allo da ajami, ba su taho da boko ba. A gida ana Hausa da Fulatanci, a makaranta da kasuwa Larabci. Shi ya sa za ka ga dattijo da Hausa garau a bakinsa, amma ka miƙa masa littafin Zariya ya juya shi ya mayar maka. Hausarmu ta kunne ce: tatsuniya, waƙen wa'azi, da rediyo.

Ni kaina sai da na girma na koyi baƙaƙen boko, ƙ da ɗ da ɓ suka ba ni wuya ƙwarai. Littafin da na koya da shi kuwa Shaihu Umar ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Wani alhaji mai tafiyar ƙasa ya bar wa mahaifina shi, bangonsa ya riga ya fita. Bayan isha nakan zauna kan angarib, gadon igiyar nan namu, ana kaɗa jabana, wato gahawarmu, in karanta wa tsofaffin gidanmu a hankali. Ku ƙila labarin yaron da aka sace aka kai Masar kuka gani a ciki. Su uwar suka gani. Da na kai inda ta bi sahara tana cigiyar ɗanta, aka bautar da ita, ta kuma same shi a Tarabulus ranta ya kusa fita, kakata ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce in tsaya. Mahaifiyarta ta bar ɗiya a hanya tsakanin Borno da Wadai, har ta rasu ba ta sake jin labarinta ba. Kwana uku ban buɗe littafin ba.

Wanda nake roƙonka ka nema kuwa shi ne Mausimul Hijra ilas Shamal na marubucinmu na Sudan Ɗayyib Salih, littafin da ya fito a 1966. Akwai fassararsa da Turanci, amma ɗan Sakkwato da ya yi zaure ya daure ya karanta Larabcin. Wani saurayi ne ya dawo ƙauyensu a bakin Nilu bayan shekara bakwai a Turai, ya tarar da baƙo, Mustafa Sa'id, yana noma shiru kamar kowa, alhali yana ɓoye da rayuwar da ya yi a Landan da wani ɗaki a kulle cike da littattafan Turawa. Ina faɗa maka tun yanzu, akwai wuraren da ba a karantawa gaban surukai. Amma auren dolen da aka yi wa Husna da tsoho Wad Rayyis, da abin da ya biyo baya, ya hana ni barci, domin na san gidajen da aka yi irinsa. Na karanta shi sau huɗu. In ya yi maka nauyi, fara da Ursuz Zain na marubucin, labarin wawan gari da ya auri yarinyar da kowa ke so. Wannan har dariya za ka yi.

A nan ana cewa Alƙahira ta rubuta, Beirut ta buga, Khartum ta karanta. Littafi ɗaya yakan zaga unguwa har ya yage. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 wannan zagayen ya tsinke, mutane sun watse, nawa ma yawancinsu suna cikin akwati a gidan da na baro.

In kana da hali, Malam, ka ɗauki hoton shafukan Ruwan Bagaja ka turo mini ta WhatsApp. 'Ya'yana ba su taɓa jin sa ba. A gaida mutanen Hubbare.