Sunan Jessica: daga ina ya fito, kuma me yake nufi?

Tambaya: Yayata ta haifi mace, mijinta yana son a raɗa mata Jessica. Mene ne ma'anarsa, kuma da gaske yana cikin Littafi Mai Tsarki? (Wata mai karatu daga Jos)

Amsa: Barka da arziki, 'yar'uwa, Allah ya raya. Jessica yadda ake rubuta shi yau ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Wurin da aka fara ganinsa a rubuce shi ne wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna The Merchant of Venice, wanda ya rubuta wajen 1596. A ciki, Jessica 'yar Shylock ce, Bayahuden da ke ba da bashi da ruwa.

Galibin masana sunaye na ganin Shakespeare ya ɗauko shi ne daga sunan Ibrananci Yiska, wanda ya zo sau ɗaya tak a Farawa 11:29. Yiska 'yar Haran ce, wato 'yar'uwar Ludu, Ibrahim kuma baffanta ne. Wasu fassarorin Turanci na zamanin Shakespeare sun rubuta shi Jesca, daga nan zuwa Jessica kuwa ba nisa. Ana danganta shi da tushen da ke nufin dubawa ko hangowa, shi ya sa ake fassara shi da "mai hangen nesa". Kar kunnen Bahaushe ya ruɗe ki, babu abin da ya haɗa shi da iskarmu. Haka kuma ba macen Jesse ba ne, mahaifin Dawuda. Kama ce kawai ta sauti.

Ya daɗe ba a damu da shi ba, sai a ƙarni na 20 ya yi tashe. A Amurka shi ne na ɗaya a sunayen 'yan mata daga 1985 zuwa 1990, sunan Ashley ya karɓe na shekara biyu, sannan Jessica ya dawo daga 1993 zuwa 1995. A Ingila da Wales ya hau kan gaba a 2005. Yanzu ya ja baya sosai, can Turawa sun fi jin sa a matsayin sunan iyaye mata.

Inda ake samun matsala a nan shi ne rubutu. Harafin c na ciki k ake furta shi, Jesika, amma mai karatun Hausa zai iya cewa "Jesica" kamar a "ciki". Sai wani ma'aikaci ya rubuta Jesika, wani Jessica, takardar haihuwa ta saɓa da ta makaranta, a wayi gari ana neman takardar rantsuwa daga kotu. Ku tsayar da s biyu da c ɗaya tun ranar rajista. A gida kuma ana taƙaita shi Jess ko Jessie.