Amsa ga mai tambaya kan gayyatar Ranar Godiya a Amurka

Ƙanwata, na ga tambayarki: wata uku ke nan da zuwanki karatu Amurka, malamarki ta gayyace ki cin abincin Thanksgiving a gidanta, kina son sanin asalin bikin da abin da za ki tarar. Na daɗe a jihar Massachusetts, inda labarin ya faro, kuma na ci abincin nan a gidaje da yawa.

Ranar Godiya ce, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. A 1620 wasu Turawan Ingila su 102 suka iso a jirgin ruwa mai suna Mayflower, suka yada zango a wurin da ake kira Plymouth. Wasunsu takurar cocin Ingila ce ta koro su. Sun iso a bakin hunturu, kafin sanyi ya wuce yunwa da cuta sun kashe kusan rabinsu. 'Yan ƙasa ne suka ceci sauran, mutanen Wampanoag. Wani mai suna Tisquantum, wanda aka fi sani da Squanto, shi ya koya musu noman masara, yana binne kifi a ramin shuka don taki. Ina ya ji Turanci? Sace shi aka yi a 1614 aka kai shi Sifen don a sayar, daga can ya faɗa Ingila. Da ya dawo bayan shekara biyar, sai ya tarar annoba ta share garinsu kaf. A kan wannan kufai Turawan suka kafa nasu garin. Da kakar 1621 amfani ya yi kyau, aka kwana uku ana ci ana sha, sarkin Wampanoag, Massasoit, ya zo da mutum kusan 90, suka farauto barewa biyar suka kawo.

A nan labarin da ake koya wa yara yake tsayawa, kuma tsayawar tana damuna. A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawan da Metacom, ɗan Massasoit ɗin nan. Aka kashe shi a 1676, aka kafe kansa a kan sanda a Plymouth shekara da shekaru, aka sayar da matarsa da ɗansa bayi. Shi ya sa tun 1970 'yan asalin ƙasar ke taruwa da tsakar ranar a tudun Cole's Hill, kusa da gunkin Massasoit, suna kiranta ranar makoki. Na je sau ɗaya, na tsaya cikin iskar teku mai ratsa ƙashi ina sauraron dattawansu. Tun ranar, in ana yabon baƙin, sai in tuna da masu masaukin.

Zaman Ranar Godiya hutun ƙasa duk shekara kuwa sai a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, da shugaban ƙasa Abraham Lincoln ya ayyana ta bayan wata editar mujalla, Sarah Josepha Hale, ta shafe shekaru tana rubuta wa shugabanni wasiƙu. Majalisa ta tsayar da Alhamis ta huɗu a 1941.

Ni dai shawarata ki je. A gidajen da na shiga, ranar zumunci ce. Hanyoyi da filayen jirgi kan cika kamar jajiberin Sallah, kowa na komawa wurin iyayensa, kuma wanda ya kira ki teburinsa ya ɗauke ki da daraja. Sai dai ki sanar da malamarki tun yanzu abin da ba kya ci, ba za ta ji haushi ba, sun saba da tambayar baƙo. Babban abincin gasasshen talotalo ne. Inda za ki kula shi ne haɗin burodi da kayan ƙamshi da ake cusa masa a ciki, domin wasu na sa naman alade, romon da ake zubawa a kai kuma wani lokaci da giya a ciki. Shagunan halal suna sayar da talotalo a makon, wata maƙwabciyata can take sayowa saboda mu. Akwai dakakken dankalin Turawa, da jar miyar 'ya'yan itacen cranberry mai tsami-tsami, da kek ɗin kabewa, wanda zai ba ki mamaki tunda mu a miya muka san kabewa.

Da rana ake zama, wajen biyu zuwa huɗu, don haka ki lissafa da Azahar da La'asar, ga Magariba tana yi da wuri. Gidaje da yawa kan zagaya teburi kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai, ki tanadi naki. Talabijin na kunne, da safe jerin gwanon da babban kantin Macy's ke shiryawa a New York, wanda aka fara a 1924, sannan ƙwallon Amurka.

Kada ki tafi hannu rabbana. Dafa-duka ko cincin sun isa, zoɓo kuma bai taɓa dawo min ba. Cefanenki ki gama shi tun Talata, domin ranar Alhamis yawancin shaguna a rufe suke, makaranta kuma takan zama kango har Lahadi.