Me Ya Sa Fabrairun 2100 Ba Zai Kai Kwana 29 Ba?

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa duk shekara huɗu Fabrairu yakan yi kwana 29. Sai na ji an ce 2100 ba za ta samu ba, alhali tana rabuwa da huɗu. Kuskure ne?

Amsa: Ba kuskure ba ne, rabin ƙa'idar aka koya muku.

Duniya tana gama zagaya rana ne a kwana 365 da sa'a 5 da minti 48 da 'yan daƙiƙoƙi. Juliyas Kaisar na Roma, bisa shawarar wani masanin taurari na Iskandariyya mai suna Sosigenes, ya ɗauki rarar nan a matsayin sa'a 6 cif, ya ce a tara ta, duk shekara huɗu a ƙara wa Fabrairu kwana guda. Tsarin ya fara aiki shekara 45 kafin Miladiyya.

To, ka ga an ƙara wa kowace shekara kusan minti 11 da ba nata ba. Mutum ɗaya ba zai lura da wannan a rayuwarsa ba, amma duk shekara 128 mintocin sukan haɗu su zama kwana cikakke. Abin ya dami Cocin Katolika, domin ana lissafin bikin Ista ne daga 21 ga Maris, ranar da ake ɗauka tsawon dare da yini sun daidaita. Zuwa ƙarni na 16, daidaiton ya koma wajen 11 ga Maris.

Shi ya sa a 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya zartar da gyara. A Italiya da Sifaniya da Fotugal mutane suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari Juma'a 15 ga wata. Jerin ranakun mako bai taɓu ba, kwanan wata kaɗai aka tsallake. Birtaniya, wadda ta kawo mana kalandar nan a Najeriya, sai 1752 ta bi, ta zubar da kwana 11. Rasha kuwa sai 1918.

Amma a ganina hikimar gyaran tana cikin ƙa'idar da aka kafa don kada ɓarakar ta dawo: shekarar da take rabuwa da 100 ba ta samun ƙarin kwana, sai in tana rabuwa da 400. Don haka 1900 ba ta samu ba, 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba. Yaron da za a haifa ranar 29 ga Fabrairun 2096 ba zai sake ganin kwanan watan haihuwarsa a kalanda ba sai 2104, yana ɗan shekara takwas.