Amsa ga yarona kan Tingatinga da fentin ƙasa

Ɗana, jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa na tsare ka wata uku kana goge allo da samfefa kana shafa fentin ƙasa, wato shafin farko da ake yi wa allo kafin zane, alhali ka ji labarin mai zanen nan Edward Saidi Tingatinga na Tanzaniya, wanda babu malamin da ya taɓa riƙe masa hannu, amma sunansa ya zagaya duniya. Na ji daɗin tambayar, domin mutumin yana da girma a idona.

An haife shi a 1932 a kudancin Tanzaniya, kusa da iyakar Mozambik, kuma ya sha aikin ƙarfi, har da aikin lambu a Dar es Salaam, kafin ya fara zane a 1968. Ba shi da kuɗin kayan da 'yan makaranta ke amfani da su, sai ya riƙa yanka allon silin murabba'i, yana zana damisa da kura da tsuntsaye da fentin mai da ake shafa wa keke, yana sayar wa Turawa a unguwar Oyster Bay.

To, ka lura da wannan fenti, domin ɗan uwan wanda muke rubuta allon shago da bodin mota da shi ne, kuma ba ya yafe wa mai gaggawa. Idan ka ɗora ja a kan shuɗin da bai bushe ba, buroshi zai kwaso na ƙasa, launin ya dagule, gobe kuma ka tarar fuskar allon ta yamutse kamar fatar tsoho. Saboda haka dole ne a fara da launin bayan hoton a bar shi ya sha iska, sannan a zauna da jikin dabbar, sai daga ƙarshe a bi gefenta da siririn layi, a ɗiga tabon damisa ɗaya bayan ɗaya. Rashin malami bai ɗauke masa wannan jira ba. Abin da ni nake faɗa maka da baki, shi da asarar allonsa da kuɗin fentinsa ya gano shi.

Shekara huɗu kacal ya samu yana wannan aiki, domin a 1972 harsashin ɗan sanda ya same shi bisa kuskure, aka ɗauke shi wani da ake nema. Amma a cikin ɗan lokacin nan ya zaunar da 'yan uwansa a gefensa ya koya musu, su ne suka riƙe salon har suka kafa ƙungiyar haɗin kai da ke ɗauke da sunansa a 1990. Ka ga ke nan shi da kansa bai bar na bayansa su yi lalube a duhu ba.

Gobe da safe ka shigo da allon nan biyu daga waje kafin ƙurar hunturu ta kwanta a kansu. Idan ka taɓa da bayan yatsa bai kama ba, zan ba ka ƙaramin buroshi ka fara zana zabo.