Hajiya mai kwalliyar biki a Jidda, kar ki karo fure tukuna

Wata Hajiya daga Jidda ta turo min tambaya. Tana yi wa yan uwanmu Hausawa kwalliyar wurin biki da suna da walimar sauka, yawanci a istiraha, wato gidan haya na taron biki, ta tara riyal 6,000 tana so ta karo furanni da sabuwar kujerar amarya. Damuwarta ita ce ranar biki kowa sai yabo, amma daga baya shiru, ba mai kira. Tace me zata saya?

Hajiya, sannu da kokari. Ni dai a ganina fure ba shi ne matsalarki ba, kowace mai kosha, wato wurin zaman amarya da ake kawatawa, a Jidda tana da fure. Abin da zai raba ki da su shine abin da idon bako ke gani ya gane ba sai ya tambaya ba, kuma wannan tun daga katin gayyatar da ake turawa a WhatsApp yake farawa.

Kin san jama'ar mu a nan kala biyu ce. Akwai iyaye da wadanda suka taso Kano ko Damagaram, boko suke karantawa, akwai kuma yaran da aka haifa Makka da Jidda wadanda Hausa a baki kawai take, karatunsu Larabci ne. To katin ki ya zo da harshe biyu, Larabci a dama Hausa a hagu, kwanan wata na Hijira da na Miladiyya duka, lokeshan a kasa. Kuma dan Allah kafin a buga ki ba wanda ya iya Larabci ya duba, saboda wasu manhajojin suna wargaza haruffan su rabu ko su juye, a buga babban kyallen rubutu guda sunan amarya a birkice, wallahi wannan kadai ya isa uwar amarya ta goge lambar ki.

Sai bakin kofa. Istirahohin nan galibi bayan gari suke, katangu duk iri daya, ga dare, mutum yana ta zagaye da mota cike da mata da yara yana kiran ango a waya. Allo mai haske guda daya a get, rubutu manya da za a karanta daga cikin mota, sannan kibiya: kofar mata nan, kofar maza can. Ki sa a yi miki wanda ake canza sunan kawai, ki yi ta amfani da shi biki bayan biki.

Inda nake so ki zuba kusan rabin kudin shine fitila. Farar fitilar silin din nan tana sa fatar mu tayi toka-toka a hoto, kwalliyar da amarya ta biya da tsada duk ta mutu. Ki nemi mai ruwan dorawa-dorawa ki haska daga gaba daidai fuska, kar ta fito daga sama ko bayan kujera. Sannan kafin ki zabi labulen kosha ki tambayi kalar anko da kayan amarya, in anko gwal ne labule gwal ne amarya ma gwal, ai ta bace kenan. Kala biyu sun isa, ta uku kadan don ado.

Maganar rashin kira kuwa, hoto ne baki da shi. Ki gama aiki da wuri ki dauki wurin tun ba kowa, hoto da gajeren bidiyo, shi zaki sa a Snapchat da status. Kar ki kuskura ki dauki matan mutane, dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi daurin da ya kai shekara daya ko tarar da ta kai riyal 500,000 kan keta sirrin mutane da kyamarar waya, ban da zubar da mutunci.

Kuma ki daina yarjejeniya da baki. Ki zana yadda wurin zai kasance ko a manhajar zane ta Canva ne, ki tura wa uwar biki ta amince a rubuce, ta bada rabin kudi kafin alkalami, in ta canza kala daga baya kudin ta ne. Harajin kashi 15 da ake dorawa a madaba'a ki sa shi cikin lissafi kar ya cinye ribar. Ayar Alkur'ani kuma kar a buga ta a kati ko ledar rabo da za a yar a shara.

Baki fada min matsayin takardun ki ba. In ke yar kasa ce kiyi rajista da sunan ki. In iqama gare ki, wato takardar zaman baki, kar ki yi kasuwanci a karkashin sunan wani, tasattur kenan, hukuncin sa yana kaiwa daurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ki tura min bayanin wannan tukuna kafin ki kashe ko riyal daya.