Jan Fitila a Wasan Sallah, da Hoton da Aka Ɗauke Maka Ba Izini

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Zariya, yawanci aikin biki da suna nake yi. A wasan Sallah da ya wuce, masu shirya wasan sun ba ni izinin shiga gaban dandamali. Da na dawo gida na buɗe hotunan, sai na ga fuskar mawaƙin ta zama ja jawur, wasu sun yi dishi-dishi, wasu kuma da ratsi-ratsi a kwance. 'Yan kaɗan da suka yi kyau na tura wa mai shirya wasan ta WhatsApp, sai ga ɗaya a fostar wasansu na gaba, an yanke sunana. Ina matsalar take, kuma ina da hakki a kan hoton nan?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Matsalolinka biyu maganinsu yana farawa ne tun kafin a kunna fitila ta farko, kuma abu guda ne yake tsakiyarsu: ka riƙa ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba. Zan dawo kansa.

A wurin biki kai ne mai iko da haske, ka kunna filashi ka ce wa amarya ta juyo. A wurin wasa, mai kula da fitilu ne ke da iko, kuma shi ƙawata ido yake yi, bai damu da kyamararka ba. In ka bar kyamara tana zaɓa wa kanta, za ta kalli baƙin duhun da ke bayan mawaƙi ta ɗauka wurin ba haske, sai ta ƙara buɗewa har fuskar ta ƙone. Don haka ka mayar da ita M, wato tsarin saitawa da hannu, ka riƙe komai a hannunka. Buɗe idon lensi gwargwadon iyawarsa, f/2.8 ko f/1.8. Ƙaramin lensin nan na 50mm f/1.8 mai sauƙin kuɗi ya fi lensin da ke zuwa da kyamara amfani a duhu nesa ba kusa ba. Saurin ƙiftawar kyamara (shutter) kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa ga mawaƙin da ke yawo da makirufo. Ga 'yan rawa ko hannun mai kalangu, kai shi 1/500. Dishi-dishin da ka gani daga nan ya fito, ƙiftawar ta yi jinkiri. Abin da ya rage sai ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, kuma kada ka ji tsoron 3200 ko 6400 duk da suna kawo tsaki-tsaki. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana iya gyara shi a kwamfuta, amma wanda ya girgiza ya tafi ke nan.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Mawaƙanmu suna son farar shadda mai ƙyalli, ga aiki a wuya, ga hula mai walƙiya. Fitila na sauka a kanta sai ta yi ta haskawa, fuskar mutum kuma baƙa ce. In ka auna haske a kan rigar, fuska ta nutse. In ka auna a fuska ba lura, rigar ta zama farin fili ba zare ba aiki. Yi amfani da aunawa ta ɗigo guda, ka ɗora ta a kumatu ko goshi, sannan ka rage kaɗan har zanen aikin rigar ya fito. Ka kunna alamar da ke ƙyafta maka wuraren da suka ƙone a allon kyamara, ita za ta gaya maka gaskiya fiye da idonka a cikin duhu.

Yanzu jan nan. Fitilun LED da ake haya yanzu suna fitar da launi tsantsa, ja zalla ko shuɗi zalla, ba gauraye. Kyamara tana rubuta launi ta hanyoyi uku, ja, kore da shuɗi. In ja kaɗai ya sauka, hanyarsa ta cika ta tumbatsa, sauran biyun kuma ba su samu komai ba, shi ya sa fuska ke rasa kamanninta. JPEG, hoton da kyamara ta gama sarrafawa da kanta, ya riga ya yanke hukunci a cikin kyamara. RAW kuwa yana ajiye abin da za ka iya janyo fatar da shi daga baya. Duk da haka, ja in ya yi yawa ba dabarar da za ta dawo da shi. Abin yi shi ne haƙuri: fitilu suna zagayawa ne bisa tsari, ka lura da lokacin da farar ke dawowa, yawanci a amshi ko sa'ad da mawaƙi ya tsaya gaisawa da jama'a, ka danna a nan. Wanda ya lalace da ja amma yanayinsa ya yi kyau, mayar da shi baƙi da fari, sau da yawa ya fi na launi ƙarfi.

Ratsin kuma daga ƙyaftawar fitilun ne da babban allon da ke bayan dandamali. Suna mutuwa suna kamawa da saurin da ido ba ya gani. In kana amfani da ƙiftawa marar sauti, kyamara na karanta hoton layi bayan layi, sai kowane layi ya kama haske daban. Koma ƙiftawa mai ƙara, ka kunna maganin ƙyaftawa in kyamararka na da shi. Wutarmu 50Hz ce, don haka 1/100 yakan kwantar da ratsin, ka ajiye shi don lokacin da mawaƙi ya tsaya cak. Ka je da wuri lokacin gwajin sauti, ka gaisa da mai fitilu, ka gwada duk wannan kafin jama'a su cika. A Turai da Amurka al'ada ce a ba masu hoto waƙoƙi uku na farko kawai, ba filashi. A nan ba a cika sa wannan doka ba, amma ka yi aikinka da wuri kafin masu liƙi su hau su rufe maka mawaƙin.

Batun fosta ya fi ci mini rai, don na ga yadda yake kashe wa matasa gwiwa. E, kana da hakki. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba wanda ya ɗauki hoto mallakarsa tun daga lokacin da ya ɗauka, ba sai ya yi rajista ba, sai fa in akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Kariyar hoto tana kai shekara 50. Izinin shiga gaban dandamali ba sayen hoto ba ne, turawa ta WhatsApp ma ba sayarwa ba ce, domin miƙa mallaka gaba ɗaya sai a rubuce. Dokar ta kuma ba ka ikon a ambaci sunanka a kan aikinka.

Nan RAW ya sake shigowa. Shi ne shaidarka, kamar takardar fili a hannun mai gona. Kada ka taɓa ba kowa shi. Yana ɗauke da rana, lokaci da lambar kyamararka, ga hotunan da ka ɗauka kafinsa da bayansa. Shiga saitin kyamara ka rubuta sunanka a gurbin mallaka, Canon da Nikon duk suna da shi. Amma kada ka dogara da shi kaɗai, shafukan sada zumunta sukan goge yawancin wannan bayani. Samfurin da za ka tura ya zama ƙarami, da sunanka a inda yanke shi zai ɓata hoton, ba can a kusurwa ba.

A kan wanda ya riga ya faru, fara adana shaida: ɗauki hoton fostar da na shafin da aka sa ta. Sannan ka rubuta wa mai shirya wasan cikin mutunci, ka faɗi kuɗin amfani da hoton a talla, ka nemi a mayar da sunanka. Da yawa rashin sani ne, kuma kana son aiki da su gobe. In ya ƙi, Facebook da Instagram suna da fom na kai ƙarar satar fasaha, ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, shari'ar kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yinta. Abokan sana'armu na Nijar su tuntuɓi BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasarsu, a Yamai.

Kai ma ka kiyaye: mallakar hoton ba ta ba ka damar sa fuskar mawaƙi a tallar shago ko jikin riga ta sayarwa ba sai da yardarsa. Wasa na gaba, kafin ka ɗaga kyamara, ku rubuta ko da a saƙon waya ne: hoto nawa za ka bayar, a ina za a yi amfani da su, na tsawon wane lokaci, nawa ne kuɗin, da cewa sunanka zai fito. Ka tabbata ya amsa da "na yarda", ka ajiye saƙon.